Sharar fage kafin dashen ɓargo ga manya masu sankarar jini

A duk lokacin da likitocin jini a nan Abuja suka shaida wa iyali cewa ɗan'uwansu mai fama da sankarar jini yana buƙatar dashen ɓargo, hankalin kowa kan karkata ne ga abu biyu, wato nawa za a kashe, da kuma wane ne daga cikin 'yan'uwa jininsa zai dace. A kan waɗannan biyun ake zaman dangi, a kansu ake buɗe zauren WhatsApp, a kansu kuma ake sayar da fili ko mota. Kasancewata mai harhaɗa magunguna ya sa takardun ƙiyasin kuɗi da asibitocin Indiya da Masar da Turkiyya ke aiko wa 'yan'uwa da maƙwabta kan biyo ta hannuna, kuma na lura akwai layi guda a cikinsu da kusan ba mai tsayawa a kansa, alhali shi ne ke bayyana abin da za a yi wa majinyacin a kwanaki shida zuwa takwas da ke gaban ranar dashen. A ganina wannan makon ya fi ranar dashen kanta nauyi, domin a cikinsa ne ake yanke rabi mai tsoka na ko cutar za ta dawo, da ko jikin zai jure.

Cutar da nake magana a kanta ita ce wadda ake rubutawa ALL a takardun asibiti, sankarar da ke tasowa daga ƙwayoyin limfosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ba su ƙosa ba, suna hayayyafa cikin ɓargo har su danne masu ƙera jini na ƙwarai. A ƙasashen da ke da wadata, kimanin yara tara cikin goma masu wannan cuta suna warkewa da kemoterafi kaɗai, amma lamarin manya daban ne. Magani na farko kan kwantar da cutar ga mafi yawansu har a duba ɓargo ba a ga komai ba, sai dai ta kan sake kunno kai bayan watanni, kuma idan ta dawo ta fi wuyar sha'ani. Wannan ne ya sa ake ba waɗanda cutarsu ke da alamun taurin kai shawarar a dasa musu ƙwayoyin asali na jinin wani mutum tun tana kwance.

Ba a zuba waɗannan ƙwayoyi haka kawai. Kamar yadda manomi ke share gona kafin ya yi shuka, sai an fara ba majinyaci magunguna masu ƙarfin gaske, wani lokaci haɗe da gashi, wato haska jiki da haske mai ƙarfi na na'ura mai kashe ƙwayoyi, domin a cim ma buƙatu uku a tare: a kashe ragowar sankarar da ta ɓuya, a danne garkuwar jikinsa don kada ta kori baƙin ƙwayoyin, sannan a samar musu gurbi a cikin ƙashi. Wannan shi ne sharar fage. Ana ƙirga kwanakinsa ne da baya-baya, daga saura bakwai, saura shida, har a kai ranar sifili, wadda a cikinta ake rataya 'yar jaka mai kama da ta ƙarin jini, ta shiga ta bututun da aka sa a babbar jijiyar ƙirji, cikin awa ɗaya ko 'yan awanni an gama. Babu fiɗa, babu yanka. Mutane da yawa kan yi mamakin sauƙin ranar, saboda wahalar tana gabanta da kuma bayanta.

Tsarin da ya fi daɗewa ya samo asali ne daga aikin likitan Amurka Donnall Thomas, wanda ya fara ba da rahoton zuba wa marasa lafiya ɓargo ta jijiya a 1957, ya kuma samu kyautar Nobel a 1990. A 1977 shi da abokan aikinsa na birnin Siyatul suka wallafa sakamakon mutum 100 da sankarar jini ta kai su gargara, waɗanda aka ba su maganin siklofosfamid aka gasa jikinsu gaba ɗaya sannan aka dasa musu ɓargon 'yan'uwansu, inda 13 daga cikinsu suka rayu na dogon lokaci. Adadin ya yi kaɗan a idonmu na yau, amma mutane ne da a wancan zamani ba a sa ran ko ɗayansu zai tashi. A lokacin ana yin gashin ne a zama guda, abin da ya riƙa lalata huhu, shi ya sa daga baya aka koma rarraba shi.

Yadda ake yinsa yanzu a mafi yawan cibiyoyi shi ne a ba da siklofosfamid miligiram 60 kan kowane kilo na nauyin jiki har kwana biyu, wato namiji mai kilo 70 zai sha giram 8.4 ta jijiya, sannan a yi gashin jiki gaba ɗaya, wanda ake taƙaitawa da TBI, na gire 12 (gire shi ne ma'aunin yawan hasken da jiki ya sha) a zama shida cikin kwana uku, safe da yamma, da tazarar aƙalla awa shida tsakanin zama da zama. Wasu cibiyoyin kan musanya siklofosfamid da etofosid miligiram 60 kan kowane kilo. Domin mai karatu ya gane girman wannan awo, gire 4 zuwa 5 a jiki gaba ɗaya ya isa ya kashe kusan rabin waɗanda ya sama idan ba a kawo musu ɗauki ba. Ke nan duk wanda aka yi wa gire 12 ɓargonsa ba zai farfaɗo da kansa ba, rayuwarsa ta rataya ne ga wannan jaka ta ranar sifili, kuma saboda haka ba a fara sharar fage sai an tabbatar da mai bayarwa yana nan cikin ƙoshin lafiya.

A ɗakin gashin, majinyaci kan kwanta ko ya jingina nesa da na'urar da 'yan mitoci domin hasken ya game shi daga kai har ƙafa, a ɗora wasu faranta masu kare huhu daidai ƙirjinsa, a manna masa ƙananan ma'aunai a fata, sannan kowa ya fita a rufe ƙofa, ana kallonsa ta kamara ana yi masa magana ta lasifika. Ba ya jin zafi ko ƙuna a lokacin. Tashin zuciya da kumburin gefen muƙamuƙi da bushewar baki su ke biyowa cikin awanni, bayan kamar mako guda kuma baki da maƙogwaro su sale har haɗiyar yawu ta zama aiki, suma ta zube, gudawa ta sa shi gaba, fararen ƙwayoyin jini su sauka ƙasa warwas. Yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin sababbin ƙwayoyin su fara aiki, kuma a tsakanin nan ƙaramin zazzaɓi ma abin tayar da likita ne da tsakar dare.

Dalilin da ya sa likitoci suka riƙe gashi a wannan cuta musamman, duk da wahalarsa, shi ne ɗabi'ar ƙwayoyinta. Limfosait ba sa jure haske, sannan sankarar tana da maɓoya biyu da magungunan jijiya da dama ba sa kaiwa sosai, wato ƙwaƙwalwa da laka a gefe guda, da 'ya'yan maraina ga maza. Hasken na'ura bai dogara da gudun jini ba, kuma babu ruwansa da yadda hanta ko ƙoda ke sarrafa magani, don haka awon da aka tsara shi ke isa ko'ina.

Akwai kuma tsarin da babu gashi a cikinsa, wanda ƙashin bayansa shi ne busulfan. George Santos na jami'ar Johns Hopkins ne ya fito da haɗin busulfan da siklofosfamid a 1983, kuma tun da aka samu nau'in da ake ba da shi ta jijiya a 1999 amfani da shi ya yi sauƙi, domin na haɗiya yakan shiga jinin wani da yawa ya shiga na wani kaɗan. Ana ba da shi kwana huɗu, tare da maganin hana farfaɗiya saboda yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa, kuma cibiyoyin da suka ƙware kan auna yawansa a jini bayan awon farko su daidaita sauran. Wasu kan haɗa shi da fuludarabin da tiyotefa. Wannan tsari ya fi sauƙin shiryawa ga asibiti, tun da na'urar gashi ko da akwai ta, mayar da ita ta game jiki gaba ɗaya na buƙatar faffaɗan ɗaki da masana lissafin haske da kuma ware mata lokaci sau biyu a rana.

To wanne ya fi? Gwaji mafi ƙarfi da aka yi a kan wannan tambaya shi ne FORUM, wanda aka wallafa a 2021, kuma ya shafi yara da matasa daga shekara 4 zuwa 21. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu gashi da etofosid, wasu aka ba su magunguna zalla. Bayan shekara biyu, kashi 91 cikin ɗari na waɗanda aka gasa suna raye, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 75, kuma cutar ta dawo wa kashi 12 a rukunin farko da kashi 33 a na biyu. Tazarar ta yi yawan da sai da aka dakatar da rabon a 2019 kafin wa'adinsa. Bayanan da ƙungiyar masu dashen ɓargo ta Turai, EBMT, ke tarawa a kan manya su ma sun sha nuna cewa cutar ba ta cika dawowa bayan gashi kamar yadda take dawowa bayan magani zalla ba. Sai dai a 2023 an wallafa wani gwaji daga ƙasar Sin a kan mutum 550 masu nau'in B na cutar, waɗanda haɗarinsu matsakaici ne kuma cutar tana kwanciyarta ta farko, inda aka samu kusan kashi 77 na masu busulfan da kashi 79 na masu gashi suna raye bayan shekara biyu, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Abin da na fahimta daga haɗa waɗannan shi ne, ga babba mai ƙuruciya da ƙarfin jiki, musamman idan cutar ta taɓa shiga ruwan laka ko ta kasance mai taurin kai, gashi ne ke da hujja mafi nauyi, amma busulfan ba zaɓin banza ba ne ga wanda cutarsa ta kwanta sarai. Abin da ba na so shi ne asibiti ya zaɓi busulfan don ba shi da halin yin gashi, sannan ya gabatar wa iyali shi tamkar shi ne kaɗai tsarin da duniya ta sani. Haƙƙin iyali ne su tambaya ƙarara ko cibiyar tana yin TBI, kuma idan tana yi, me ya sa aka zaɓa wa nasu wanda aka zaɓa.

Na halarci wani zaman dangi a Kubwa a kan wani magidanci da ya haura shekara hamsin, mai ciwon suga, wanda takardarsa ta nuna za a ba shi fuludarabin da melfalan, an kuma rubuta cewa tsari ne mai sassauci. Da na fassara wa jama'a, sai kawunsa ya gyara zama ya ce, "Ɗana, mu da muka sayar da gona, don me za a ba shi mai rauni? Ka rubuta musu su ba shi mafi ƙarfin da suke da shi." Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, mafi ƙarfin nan an auna shi ne da jikin ɗan shekara ashirin da biyar, Yaya kuwa ba zai ɗauke shi ba." Tunanin Kawu shi ne tunanin mafi yawanmu a kan magani, cewa mai tsada da mai ƙarfi su ne masu kyau, kuma a nan ne ya fi zama haɗari.

Babban gwajin haɗin gwiwa na Ingila da Amurka da aka fitar da sakamakonsa a 2008, wanda aka fi sani da UKALL XII, shi ya fayyace wannan. A cikin manyan da ba su da kuromosom ɗin Filadelfiya, wani lahani na ƙwayar halitta da ake samu a ƙwayoyin sankarar wasu majinyata, waɗanda ke da ɗan'uwan da ya dace da su sun fi rayuwa, kashi 53 bayan shekara biyar a kan kashi 45 na marasa shi. Amma a rukunin masu babban haɗari, wanda waɗanda suka haura 35 ke ciki, fiye da ɗaya cikin uku na masu ɗan'uwan sun rasu cikin shekara biyu ba don cutar ta dawo ba, sai don illar jinyar, har wannan asara ta cinye ribar da dashen ya kawo. Daga irin wannan darasi ne tsarin mai sassauci ya samu gindin zama. Hikimarsa ita ce a rage dogaro da ƙarfin magani, a danne garkuwar majinyaci daidai yadda baƙin ƙwayoyin za su kama, sannan a bar sabuwar garkuwar mai bayarwa ta farauci ragowar sankarar a matsayin baƙuwa. A gwajin UKALL14, wanda aka wallafa wannan sashe nasa a 2022, an ba waɗanda suka haura 40 fuludarabin da melfalan da alemtuzumab, kuma fiye da rabinsu kaɗan suna raye bayan shekara huɗu, kodayake cutar ta dawo wa kusan ɗaya cikin uku. Ciniki ne a fili: an rage mutuwa daga jinya, an ƙara yiwuwar dawowar cuta. Tsakanin ɓangarorin biyu wasu cibiyoyin Turai kan yi gashi na gire 8 tare da fuludarabin ga masu matsakaicin shekaru. Shekaru kaɗai ba su ke yanke hukunci ba, domin tun 2005 akwai ma'aunin da ake ba majinyaci maki bisa lafiyar zuciyarsa da huhu da hanta da ƙoda da ciwon suga da ƙiba, kuma ya dace iyali su nemi sanin makin nasu. Wani ƙaramin abu da nake faɗa wa duk wanda za a ba melfalan shi ne ya riƙa tsotsar ƙanƙara kafin a fara da lokacin da maganin ke shiga, domin sanyin na takura jijiyoyin baki ya rage salewarsa.

Duk ƙarfin sharar fage ba ya maye gurbin shiga dashe da ɓargo mai tsabta. A yau ana iya gano ƙwayar sankara guda cikin ƙwayoyi 10,000 ko fiye, kuma wanda aka samu wannan ragowa a jikinsa kafin dashe ya fi fuskantar dawowar cutar ko da wane tsari aka bi. Shi ya sa ake fara ba wasu maganin bilinatumomab, wanda aka amince da shi a Amurka a 2014, domin ya share ragowar, masu kuromosom ɗin Filadelfiya kuma, waɗanda su ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu na manya, ana ba su imatinib ko dasatinib ko fonatinib kafin dashe, sau da yawa har bayansa. Inotuzumab, wanda ya fito a 2017, yana da nasa sharaɗin da ya shafi maganarmu kai tsaye, domin yana ƙara haɗarin toshewar ƙananan jijiyoyin hanta bayan dashe, musamman idan aka haɗa magunguna biyu na dangin busulfan a sharar fage, kamar busulfan da tiyotefa. Majinyacin da ya fara jinya a nan ya ƙarasa a waje dole ya tafi da cikakken jerin duk abin da aka taɓa ba shi, da awonsa da kwanakinsa.

Mu da ke nan muna da ƙarin abubuwan lura. Dashen ɓargo na farko a Najeriya an yi shi ne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, sannan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya fara nasa a 2024, dukansu ga masu sikila, don haka babba mai sankarar jini galibi waje yake nufa. Damar ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya ya dace cif ɗaya ce cikin huɗu, kuma wani bincike na 2014 ya nuna cewa a rumbun masu bayarwa na Amurka baƙar fata ba ya samun wanda ya dace da shi cif sai ƙasa da sau ɗaya cikin biyar, alhali Bature kan samu sau uku cikin huɗu. Abin da ya buɗe mana ƙofa shi ne dashe daga wanda ya dace rabi, kamar uwa ko uba ko ɗa, inda ake sake ba da siklofosfamid miligiram 50 kan kowane kilo a rana ta uku da ta huɗu bayan dashe domin ya kashe ƙwayoyin mai bayarwa da suka taso za su afka wa jikin majinyaci. A gidajenmu masu yawan 'ya'ya da 'yan uba, da wuya a rasa irin wannan.

Sai dai yawan dangin nan yana da tarko. Al'adar asibitocinmu ita ce idan majinyaci na buƙatar jini a kira 'yan'uwa su bayar, kuma mai sankarar jini kan sha leda da yawa kafin a kai maganar dashe. Idan jinin ƙanensa ko yayarsa ya shiga jikinsa kai tsaye, garkuwarsa na iya sanin wannan jini ta ɗaura masa ɗamara, ranar da aka dasa masa ƙwayoyin mutumin nan kuma ta ƙi su. Don haka duk wanda ake tunanin zai iya zama mai bayarwa, jininsa ya tafi ma'ajiya a musanya da na bare. Haka nan ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a tsakaninmu, yana iya tashi da ƙarfi idan aka danne garkuwa, ko ga wanda ya ɗauka ya rabu da shi tuntuni, saboda haka ake gwada majinyaci da mai bayarwa tun da wuri a fara entekabir ko tenofobir idan da buƙata. Tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro su ma a bincika su kafin a hau jirgi.

Batun da kunya ke hana a taɓa shi a zaman dangi shi ne haihuwa. Gashi na gire 12 da cikakken awon busulfan dukansu kan hana mafi yawan maza da mata haihuwa har abada, mace kuma al'adarta kan ɗauke da wuri. Namiji zai iya ajiye maniyyinsa a daskare, kuma mafi alheri a yi hakan tun kafin kemoterafi na farko, idan ya wuce kuma a tattauna abin da ya rage kafin sharar fage, domin bayanta babu sauran dama. Wanda ke da shakka ta fuskar addini ya tambayi malami tun da sauran lokaci. Na ga saurayin da aka sa wa ranar aure, manya suka san wannan magana suka ɓoye masa don kada hankalinsa ya tashi, kuma ban ga adalci a cikin hakan ba, tun da jikinsa ne kuma gidansa ne.

Cibiyoyi kan so majinyaci ya zauna kusa da su na kimanin kwana 100 bayan dashe, amma sawun sharar fage ya wuce nan da shekaru. Wanda aka gasa yana buƙatar a riƙa duba idonsa saboda yanar ido, a auna aikin tayirod ɗinsa da ƙarfin ƙashinsa da huhunsa, a kuma sa ido a kan wata sabuwar sankara ta fata ko ta baki ko ta mama, kuma likitan da zai gan shi a Garki ko Gwagwalada bayan shekara goma ba zai san abin da zai nema ba sai takardar sallama ta faɗi sunan kowane magani da jimillar giren da aka yi. Rigakafin da aka yi masa yana yaro ma ya tafi tare da tsohon ɓargo, sai an sake su daga farko bayan wasu watanni. Masu ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, irin na ƙyanda da na zazzaɓin shawara, ba a yin su sai an cika aƙalla shekara biyu kuma an daina shan magungunan danne garkuwa, don haka mai niyyar Umara ko Hajji ko wata tafiyar da ake neman katin shawara ya fara zama da likitansa na jini kafin ya biya kuɗin kujera.